Abokina Ya Yi Wasiyya a Gaban Kyamara, Matarsa Ba Ta Sani Ba

Uwargida Corinne,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki hanzarta, domin mako uku ya rage mini, ƙila ma bai kai ba. Shekarata saba'in da ɗaya, ban taɓa rubuta wa jarida komai ba sai sanarwar rasuwa, waɗannan kam na rubuta sun fi dubu. Na zaɓi jaridarku ne don tana wata jiha, ba a karanta ta a garinmu. Sunayen duk na canza su. In kuwa wani ɗan garinmu ya ci karo da wannan wasiƙa, layi biyu zai karanta ya gane ni, to ina roƙonsa ya kama bakinsa.

Sana'ata shirya mamata. Kakana ne ya buɗe gidan jana'izarmu a kudancin jihar Jojiya ta Amurka, mahaifina ya gada, ni ma na gada. Kin san yadda ƙananan garuruwanmu suke. Baƙaƙe da farare an haɗa makaranta, an haɗa asibiti, har aure ana haɗawa yanzu ba mai ɗaga kai ya duba, amma ranar da mutum ya cika, baƙar fata a kawo shi wurina, farar fata a kai shi gidan Royce da ke tsallaken layin dogo. Ba doka ba ce, ba wanda ya rubuta ta, haka muka tarar. Shekara arba'in da shida ina wannan aiki, Bature bai taɓa hawa teburina ba, kuma ban taɓa sa abin a raina ba. Ni da Royce muna gaisawa, in motar gawarsa ta ƙi tashi ma yakan ari tawa.

Abokina Wendell fari ne. Mun haɗu a 1970, shekarar da aka rufe makarantarmu ta baƙaƙe aka kwashe mu aka zuba a tasu. Iyaye da yawa suka janye 'ya'yansu. Uban Wendell, wani manomin gyaɗa mai taurin kai, ya bar nasa, ba don ƙaunarmu ba, cewa ya yi ba wanda ya isa ya kori ɗansa daga makarantar da shi kansa ya yi. A ƙungiyar ƙwallon Amurka, irin wadda ake jefawa da hannu, ni ne mai lamba hamsin da biyu, na tsakiya a layin gaba, mai durƙusawa ya miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, Wendell kuma shi ne mai karɓa ya jefa. Duk wanda ya san wasanmu ya san mai karɓa sai ya cusa hannuwansa biyu a ƙarƙashin mazaunan na tsakiya. Ranar farko ta atisaye, ga rana tana dukanmu, ga iyaye sun jingina da shinge suna kallo, na durƙusa sai na ji shiru a bayana. Na leƙa ta tsakanin ƙafafuna, na ga saurayi ya tsaya da hannu a sama kamar an ce ya ɗauki garwashi. Na ce, "Kai Siriri, sa hannu mana, ta wannan gefen ba na cizo." Ya yi dariya har hular kwanonsa ta karkace, ya sa hannu. Tun daga ranar ni ne Ƙato, shi ne Siriri.

Ki yi haƙuri in ina ja da nisa, so nake ki san irin mutumin da nake magana a kansa. Ubansa ya ce in zan zo gidansu in bi ta ƙofar baya. Wendell bai yi musu da shi ba. Shi ma sai ya daina bin ƙofar gaba, shekara biyu cur, ko da an yi baƙi a falo sai ya zagaya ta baya ya ratso ta kicin, har tsohon ya gaji ya ce duk mu biyun mu daina ba shi kunya. Ni abin da na yi masa bai wuce in tsaya a gabansa a buge ni a madadinsa ba, kuma gwiwoyina suna tuna mini da wannan duk lokacin da hadari ya haɗo. Da matata Ernestine ta rasu, Wendell na cikin masu ɗaukar akwatinta, shi da matarsa Glenda su kaɗai ne farare a cocinmu ranar. Tun daga nan, shekara shida ke nan, kowace Laraba Glenda sai ta kawo mini soyayyar tarwaɗa da burodin masara. Ba ta ƙwanƙwasa ƙofa, shigowa kawai take yi, ta buɗe firijina ta yi mini faɗa a kan gishiri. Ba ni da bakin gode wa mutanen nan biyu, kuma ina faɗa miki ne da hawaye a idona.

A farkon bana aka gano Wendell yana da ciwon daji a hanta. Likitoci sun yi iya yinsu, yanzu sun sallame shi gida, nas ke zuwa tana rage masa zafi. Ana cikin haka wata baiwar Allah mai suna Kendra ta zo daga Atlanta da kyamarorinta. Mahaifiyarta 'yar garinmu ce. Ta tono tsofaffin hotunan wasanninmu, tana son yin fim na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, a kan ƙungiyar 1970. Da ta ga mu biyu, ta ga halin da yake ciki, sai fim ɗin ya koma kanmu. Ni da farko na ƙi, Wendell kuwa kamar an ba shi sarauta. Har aski ya sa aka yi masa, alhali gashin bai fi a ƙirga ba. Ya ce da ni, "Ƙato, ka lura a finafinanmu baƙar fata ne kullum ke fara mutuwa? To wannan karon na karɓar maka, ka ce na gode."

Ba zan ɓoye miki ba, akwai abin da ke ba ni haushi da fim. Cuta a fim tsaf take, mutum ya kwanta a farin zane ya yi maganganu masu daɗi. In amai ya zo, ko zane ya ɓaci, a kashe kyamara, kuma daidai ne a kashe, amma a nan aikin Glenda yake, ba wanda zai gani. Ita ba ta son kyamarar ko kaɗan. Da ta hango motar Kendra sai ta ɗauki jaka ta ce ta tafi cefane, ko da firiji a cike yake. Shi ya sa ba ta nan ranar da abin ya faru.

Muna zaune a baranda da hantsi, ina cin dafaffiyar gyaɗa, shi yana tsotsar gishirin ɓawon don yanzu iyakarsa ke nan. Kendra ta tambaye shi ko yana jin tsoro. Ya ce mutuwar ba ta dame shi ba, hannun da zai taɓa shi bayanta ne ya dame shi. Sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Shekara uku hannuna yana ƙarƙashinka, ba ka taɓa bari ƙwallo ta faɗi ba. In na tafi, gidanka za a kai ni. Kai za ka wanke ni, kai za ka sa mini kaya, kai za ka rufe akwatin. Ba na son kowa sai kai." Uwargida, ƙaton mutum kamata na fashe da kuka a gaban kyamara, gyaɗa a bakina. An ba ni lambar yabo a coci, an ba ni a ƙungiyar masu sana'armu, amma ba a taɓa karrama ni kamar ranar nan ba. Na ce masa na ɗauki alkawari.

Da aka kashe kyamara na tambaye shi abin da Glenda ta ce. Sai ya hau kallon gona. Ashe bai faɗa mata ba, kuma ba shi da niyya. Ya ce, "Za ta gani a fim. Shekara arba'in da takwas muna faɗa da matar nan ban taɓa cin ko ɗaya ba, yanzu da ba ni da numfashi zan fara? Ka rantse ba za ka faɗa mata ba." Ni kuma, wawan Allah, zuciyata na cike da daɗi, na rantse.

Ga inda gizo ke saƙar: Royce yayan Glenda ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya binne iyayensu, shi ya binne iyayen Wendell. Larabar da ta wuce ta ajiye mini kwano ta zauna, abin da ba ta saba ba, ta ce, "Ƙato, ko ba komai na sauke nauyi ɗaya. Na zauna da Royce, na zaɓi akwati, na zaɓi waƙoƙi. Ɗan'uwana zai kula da shi, ba zan bar shi a hannun baƙon ido ba." Ta faɗa da sauƙin zuciya, karo na farko da na ga kafaɗunta sun sauka tun watan Maris. Na ce mata ta kyauta.

Za ki ce in buɗe baki in faɗa mata kawai. To ban da rantsuwar, akwai ƙa'idar sana'armu. Mu ba ma kira, mu ake kira. Mahaifina ya koya mini ita tun kafin ya koya mini ɗaura wa mamaci taye a wuyan riga: ba ka ambaci jana'iza ga mai jinya, ba ka shiga asibiti da kwat, domin mutane na ganinka za su ce ungulu ba ta jewar banza. Ko gidan Wendell a tsohuwar a-kori-kurata nake zuwa, da hular kamun kifi, don kada maƙwabta su ɗauka an gama. Shekara arba'in da shida ban taɓa karya wannan ba. In na yi magana, na zama mai shirya gawa da ya je wurin mace yana neman gawar mijinta alhali mijin yana numfashi a ɗaki na gaba. Kuma ba kowace mace ba, wadda ta ciyar da ni shekara shida. Kuma daga hannun yayanta. Garin zai ɗauka, tsallaken layin dogo da namu tsallaken duka.

Na roƙi Kendra ta cire wurin. Yarinyar kirki ce, ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, maganarsa ce, ba tawa ba ce kuma ba taka ba ce. In shi ya ce in cire, yau zan cire." Shi kuwa ya ce ko kusa. Nan da mako uku za a nuna fim ɗin a zauren makaranta, a makon da tsofaffin ɗalibai ke dawowa kallon wasa, kuma an riga an ware wa Glenda kujera a layin gaba kusa da Royce. In Wendell ya kai ranar, za ta ji a gaban gari duka. In bai kai ba, kuma nas ta ce kada mu sa rai sosai, motar Royce za ta zo cikin sa'a guda, a binne shi yadda aka saba, sannan daga baya Glenda ta zauna a zauren nan ta ji mijinta yana roƙon abin da ta hana shi ba tare da ta sani ba. Wannan na biyun shi ke hana ni cin abinci.

Ina son in yi masa aikin nan, ba zan yi miki ƙarya ba, ina so fiye da duk abin da ya rage mini a duniya. Amma ba na son in same shi ta hanyar karya zuciyar Glenda. In yi shiru in riƙe rantsuwa da ƙa'ida? In faɗa mata in zama ungulu? Ko in koma wurin Wendell in ce na fasa?

Lamba Hamsin da Biyu


Ya kai Lamba Hamsin da Biyu,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na yi dariya a farko, na share ido a tsakiya, a ƙarshe kuma na ji kamar in zo in ja kunnen abokinka, da ciwonsa da komai. Mutane da yawa suna rubuto mini don ba su da mai ƙaunarsu. Kai matsalarka mutum biyu ne ke ƙaunarka, ka riƙe wannan a ranka yayin da kake karanta sauran.

Bari in fara da Wendell. Wasiyyarsa tana da nauyi, jikinsa ne, kuma yana da ikon cewa ga hannun da yake so. Ba fim yake yi wa ado ba, na yarda daga zuciyarsa ta fito. Amma jarumin da ya iya jure wa ubansa shekara biyu ya ji tsoron matarsa na minti goma, sai ya ɗora wa kyamara aikin da bakinsa ya kamata ya yi, ya kuma ɗaure ka da rantsuwa a lokacin da kake kuka. Alkawari kaya ne, gaskiya ne, amma alkawura biyu ka ɗauka a barandar nan. Na farko, za ka shirya shi. Na biyu, za ka yi shiru. Na biyun yana kashe na farkon, domin in Glenda ba ta sani ba, ba wanda zai kira ka. Ka nuna masa haka ƙarara.

Sai Glenda. Ba ta yi laifin komai ba. Mace ce da ke wanke zane tana kallon mijinta yana ƙarewa, ta nemi abu ɗaya da za ta iya tsarawa, ta tsara shi da ɗan'uwanta. Lura da kalmarta: ba za ta bar shi a hannun baƙon ido ba. Kai baƙon ido ne a wurin matar da ke buɗe firijinka ba sallama? Ina jin abin bai taɓa zuwa mata a rai ba ne kawai, kamar yadda bai taɓa zuwa maka ba kafin Wendell ya faɗa. Kada ka yanke mata hukunci a kan tambayar da ba a yi mata ba. Za ta iya yin fushi, za ta iya ƙi, amma haƙƙinta ne a tambaye ta.

Ƙa'idar mahaifinka kyakkyawa ce, an kafa ta ne don kare masu jinya daga kwaɗayin masu sana'a. Kai ba ka kira ba, kiranka aka yi, mai gawar da kansa ya kira ka, da shaida. Duk da haka ba kai ya kamata ka fara gaya wa Glenda ba, don haka ƙa'idarka tana nan ba ta karye ba. Ga abin da za ka yi.

Gobe da safe, ba jibi ba, ka je wurin Wendell a lokacin da maganin bai sa shi barci ba. Ka gode masa da baki, cikakkiyar godiya, irin wadda ka rubuto mini, domin ina zargin shi ba ka faɗa masa rabinta ba. Sannan ka ce ka sauke rantsuwar shiru, kuma ka ba shi kwana biyu ya gaya wa matarsa da kansa. In numfashi ko ƙarfin hali ya gaza, Kendra ta kawo wannan ɗan guntun ta kunna musu a ɗakinsu, su biyu, ba kyamara, kai ma kana waje. In kwana biyu suka wuce bai yi ba, ka ce wa Glenda a gabansa, Wendell yana da maganar da yake tsoron gaya miki, ka fita ka ja musu ƙofa. Ka kuma gaya wa Kendra cewa bai dace gari ya ga wurin nan kafin matar gida ta gani ba. Mai hankali ce, za ta yarda.

In Glenda ta amince, a rubuta a takarda su sa hannu, don ranar rasuwa ba ranar gardama ba ce. Royce kuma kada ya ji a bakin gari, ƙanwarsa ta gaya masa, kai ka bi baya ka same shi a matsayin abokin sana'a. Mutumin da ke aron motarka zai iya raba aiki da kai: wanka da sutura da rufe akwati naka, kamar yadda Wendell ya roƙa, addu'a da waƙoƙin da Glenda ta zaɓa a zauren yayanta. Masu surutu za su yi na mako guda su gaji.

In kuwa ta ce a'a bayan ta ji komai, ka karɓa da hannu biyu, kada ka bari ta ga ɓacin ranka. Karramawar da aka yi maka ta riga ta zama taka, ba teburi ne zai tabbatar da ita ba, kuma Glenda ce za ta rayu da wannan rana shekaru bayan an watse.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne jira. Matar nan tana bukatar ta ji maganar yayin da mijinta yake da kunnen jin amsarta. Ku bar ta ta yi masa faɗa, ta kira shi matsoraci, ta yi kuka, shi kuma ya kama hannunta ya ba ta haƙuri. Wannan faɗan shi ne abu na ƙarshe da za su yi tare a matsayin miji da mata, kuma ba a yin sa da hoton da ke jikin allo. Kada ku hana ta.

Allah ya sassauta wa Wendell, ya ƙarfafa Glenda, kai kuma ya ba ka bakin magana gobe da safe. Ina tare da ku ukun a addu'a.

Corinne